Ranar da na yaye kwanon gidana da hannuna

Ba zan taɓa mantawa da ranar da mutanen gwamnati suka tarar da ni a saman gidana ba, da guduma a hannu.

Ni ban yi boko ba. Dako na yi a kasuwar Muda Lawal har bayana ya lanƙwashe, na kafa rumfa a bakin titi. Wata safiya aka shafa mata jan fenti, katafila ta biyo baya. Ko ƙusa ban tsira da ita ba. Tun daga nan na san abu ɗaya: in hukuma ta taɓa bangonka da fenti, kwashe naka tun da wuri.

Abin da ya rage mini a duniya 'yan ɗakuna ne da na gina a unguwar Tirwun, ɗalibai ke haya. Bara aka fara faɗa a rediyo wai ɗakunan kwana na makarantu sun yi kaɗan, gwamnati za ta duba gidajen masu haya, wanda ya cancanta ta riƙa turo masa ɗalibai. Na ce to, sabuwar dabarar ƙwace ce.

Mutanen gwamnati suka zo kuwa. Suka leƙa banɗaki, suka leƙa rijiya, suna murmushi (murmushin ne ya fi tayar mini da hankali). Da za su tafi ɗayansu ya zana wani abu a bangona. Da jan fenti.

Yohanna, ɗan hayana mutumin Bogoro, ya ce, "Baba, barka! An zaɓi gidanka."

Na ce, "Rumfata ma zaɓarta aka yi."

"Wallahi Baba alheri ne."

"Kai da su duk biro kuke riƙewa. Fitar da katifarka."

Matata ta ce, "Malam, ka tambayi mai unguwa mana." Na ce ai shi ya rako su. Maƙwabcina Sabo, wanda shi ma ke da ɗakunan haya, shi kaɗai ya ce in bi zuciyata. Har tsani ya ara mini (a nan ya kamata in yi zargi, amma zargina ya ƙare a kan sauran).

Na cire ƙofofi, na cire tagogi, na kai gidan ƙanina. Na hau sama na fara yaye kwano, damina kuwa ta kankama. Yohanna na zaune a kan katifarsa a tsakar gida yana kallon hadari.

Ina kan ɗakin ƙarshe na ji ƙugin mota. Na ce ga katafila nan. Na miƙe tsaye a kan katako na ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Ku rusa! Bulo kaɗai za ku samu!"

Ba katafila ba ce. Bas ce, cike da sababbin ɗalibai da jakunkunansu da bokitai. Wata Hajiya mai tabarau ta fito, ta dubi gidan, ta dube ni.

"Baba, iska aka yi?"

Na ɓoye gudumar a bayana.

"Wa ya yi maka wannan ɓarnar? Faɗi, mu kai ƙara."

Matata ce ta amsa daga zaure: "Ga shi nan a sama, Hajiya."

Ɗalibai suka fashe da dariya, wasu har da ɗaga waya. Na juya zan sauka, babu tsani. Sabo ya ɗauke abinsa, yana can ƙofar gidansa yana nuna wa Hajiya ɗakunansa masu rufi. Can aka sauke su. Yohanna ne ya kawo turmi da benci na diro.

Na mayar da kwanon. Kowane ramin tsohuwar ƙusa yoyo yake yi, Yohanna kuma bai tashi ba, sai dai ya ƙara bokiti.

Har gobe ban yarda da gwamnati ba, kada wani ya ce na tuba. Amma yanzu sai na ga katafila da idona kafin in hau sama. Kuma tsanina na kaina ne.