Ranar da Na Shayar da Bokswaja

Lokacin ina malamin awon auduga a Funtua na taɓa shiga Fijo har sau uku, don haka na ɗauki kaina masanin mota.

Kawuna Alhaji Mamman ya rasa wadda zai saya tsakanin Fijo da Bokswaja, ya aika in zo in duba masa. Na tarar da shi wajen dillalin motoci, 'yan kallo sun taru, na gyara zaman hula.

"Kawu," na ce, "Fijo ta fi gudu, ta fi faɗin ciki, har buhun dawa za ta ɗauka. Wannan mai kama da kunkuru tsimin mai kawai ta iya. Amma lafiyar mota, a lagireto ake gane ta."

Dillali ya tafi ɗauko makulli. Na ɗaga gaban Bokswaja, na ga wani murfi, na kwance na leƙa. Mura ta toshe mini hanci, ban ji warin komai ba.

"Kun gani? Ƙishirwa za ta kashe ta!" Na ɗura mata ruwa buta biyu, 'yan kallo suna jinjina mini.

Da dillali ya dawo, muka shiga Bokswaja muka kama hanyar Malumfashi don gwaji. Ko Bakori ba mu kai ba ta yi tari, ta mutu. Na bayyana wa dillali taimakon da na yi mata. Ya dafe kai.

"Malam, ai ba ta da lagireto, iska ke sanyaya ta. Tankin fetur ka cika!"

Kawu ya naɗe riga muka tura.

Har yau in na tashi alwala, 'ya'yansa sai su ɗaga murya: "A janye motoci, Malam Lagireto ya ɗauki buta!"