Kanwa a Lambun Malam Tanimu

Akwai wani maƙwabcinmu a Jos, Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda tun da ya yi ritaya ya rasa inda zai sa kansa. Ana haka ɗansa da ke karatu a Turai ya aiko masa da irin wani shuɗin fure mai tsawo kamar dawa, wai shi dalfiniyam. Shi ke nan muka shiga uku a majalisa. Ba zancen ƙwallo, ba na siyasa, sai dalfiniyam, har da rantsuwar cewa kafin Babbar Sallah sai mun yi layin ɗaukar hoto a gindinsa. Matsalar ɗaya ce. 'Yar takardar awon da aka haɗo masa da ita ta nuna ƙasar gidansa tsami gare ta, furen kuwa ba ya shiri da tsami. Yaron ya ce a barbaɗa farar ƙasa kaɗan. Malam Tanimu ya ce yaro dai yaro ne, tun kaka da kakanni me ke kashe tsami in ba kanwa ba? Ya daka jar kanwa cike da kwano ya barbaɗe wurin. Don ƙasa ta yi laushi ya bi ta da dusa, don kada rana ta ƙona tsiron kuma ya lulluɓe shi da harawa. Da na leƙa na ga aikin na so in yi magana, amma mutumin da ke gaida shuka da kwana ba a ba shi shawara.

Washegari ragon Iya Ladidi, tsohuwar da ke bayan katangarsa, ya tsinke igiya ya haura ta inda ginin ya zube. Ya cinye harawar tas, ya share dusar, ya yi ta lasar ƙasa har ta yi rami. Furen kuwa tsigewa ya yi ya tofar, kuma wannan rainin ne ya fi ƙona wa Malam Tanimu rai. Bai zame ko'ina ba sai gidan mai unguwa.

“Ranka ya daɗe, ko a fitar da ragon nan daga unguwa, ko a yanka shi yau ɗin nan! Furen Turai ne fa!”

Aka kira Iya Ladidi. Tun ragon yana ɗan mitsitsi take kiwonsa, kuma shi ne layyarta ta bana. Amma ta dake.

“Ranka ya daɗe, abin da ya ɗaure mini kai, ragon nan ko ƙofa a buɗe take ba ya leƙa waje. A tambayar mini Malam, me ya zuba a wurin?”

Malam Tanimu ya gyara zaman hula. “Gyaran ƙasa na yi. Kanwa, saboda tsami.”

Mai unguwa ya ce, “Sai me?”

“Sai dusa.”

“Sai me kuma?”

Muryarsa ta ɗan yi ƙasa. “Sai 'yar harawa a sama.”

Iya Ladidi ta ja mayafinta, ta dube shi sama da ƙasa.

“Kanwa, dusa, harawa. Haba Malam, ai ba ɓarna ya yi ba, gayyata ya amsa. Gobe ƙarfe nawa zan turo shi?”