Dalar da Ba Ta da Rumbu

"…lafiya lau, sai kewar miji marowaci," in ji Kaka Fibi tana gyara tabarma. "Ko tsinken tsire babu?"

Jikanta Sulemanu ya durƙusa yana murmushin yaƙe. Tun daga tashar Malumfashi yake juya maganar a ransa. Babansa dai ba ya tunkaruwa. Gara ya fara jefa ta a nan, in ta yi zafi ya ce wasa ne.

"Amarya, da wane haƙorin za ki ci? Bari in bar jami'a, in dasa miki na zinariya."

"Ka bar me?"

"Karatu. Kasuwar canji zan shiga, ta waya. In sayi dala da araha, in sayar in ta tashi. Juma'a za a rufe rajistar shekarar ƙarshe, ban yi ba."

Kaka ta yi dariya, amma idonta bai yi ba.

"To angon ƙarya, ina rumbun da kake zuba dalar?"

"Babu rumbu, tsohuwa. Kanki ya tsaya a zamanin sulalla."

"Ni ka raina? Bara na ɓoye masara ina jiran ta yi tsada a Dandume, ta faɗi warwas. Amma na tuƙa tuwo da asarata har damina. Kai in taka ta faɗi, wayar za ka tuƙa?"

Ya zaro wayar don ya rufe mata baki. Layin cinikinsa da ya bari kore da safe ya koma ja, yana ta gangarowa.

"Wannan jan fa?"

"Ado ne."

"Adon ne ke kaɗa maka hannu kamar mai masassara?" Ta cafke wuyan hannunsa. Muryarta ta sauka. "Sule, yaushe rabonka da barci?"

Ya kife wayar a kan tabarma.

"To ji nan. Gobe zan ɗaura ankon zumuntar matan coci in raka ka har aji, in gaya wa 'yan matan nan uwargida ta iso."

Dariya ta kuɓuce masa, har da ƙwalla.

"Na tuba! Zan yi rajistar, ki rufa mini asiri."

"Kasuwar fa?"

"Sai na gama."

"Allah Ya sa," in ji ta, ba ta dai saki hannun ba.