Baƙar Jitar da Na Sayo wa Modu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin bikin Auyo ba, ko da mutanen Auyo za su yi mini alfarma su manta (ba su manta ba, na bincika).

Bari in fara da faɗin inda cutar take. Ni 'yar masassaƙi ce. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana gyaran kwalekwale da sassaƙa turame a bakin kogi, ni kuma na tashi ina share masa ɓawon itace. Da wannan kaɗai na ɗauka na haddace katako. A unguwarmu nan Haɗejia, in za a sai wa amarya turmi ko gado, ni ake aiko wa. In ɗaga, in ƙwanƙwasa, in sunsuna, in ce, "Wannan ƙirya ce, har jikokinki za su yi daka a ciki." Ƙa'idata ɗaya ce tak: abin da ya fi nauyi shi ya fi kyau.

Ƙanena Modu malamin firamare ne, amma Asabar da Lahadi yana kaɗa jita tare da abokansa huɗu masu wasa a bukukuwa. Da farko ban so ba, na yi masa nasiha har bakina ya gaji. Da na ga ba ya wasa da salla, kuma waƙoƙinsu na yabon iyaye ne da jan kunnen ma'aurata, sai na bar shi da addu'a. To daminar da ruwa ya shigo mana gari, ɗakinsa ya kwana uku a cikin ruwa, jitarsa ta kumbura ta wage baki kamar bandar kifi. Shugabansu, Ɗanjuma mai kalangu, ya yi masa haƙurin wata biyu, sannan ya ce in bikin Auyo ya zo ba shi da jita, za su ɗauko wani makaɗi daga Nguru. Bikin kuwa na 'yar Goggonmu Falmata ne, wato a gaban danginsa za a maye gurbinsa.

Ana saura kwana biyu, zan tafi Kano sayen kayan kicin na amarya, shi kuma jarrabawar ɗalibai ta riƙe shi. Ya zo da 'yar takarda, ya ce in sayo masa sabuwar jita.

"Yaya, don Allah abin da na rubuta kawai. Fuskarta ta zama farin katako marar nauyi, mai siraran layuka a miƙe. Baya da gefe kuma maɗaci. Shi ke sa muryarta ta ratsa tsakanin ganga da fiyano ba a danne ta ba."

Na ce, "Modu, ni za ka koya wa maɗaci? Kana bayan Inna a goye nake ɗebo ɓawonsa ana jiƙa maka."

A Sabon Gari na sami shagon kayan kiɗa. Mai shi wani dattijo ne mai sanyin magana. Ya karanta takardar, ya ce wanda ya rubuta ta ya san abin da yake so, ya sauko da wata ya miƙo mini. Jama'a, da na ɗaga ta, saura kaɗan hannuna ya bugi rufin shagon. Kamar faifai! Fuskar fara fat, irin katakon akwatin tumatir, wanda in ka danna farce zai bar shaida. Nan take na raya a raina cewa ya ga mace da hijabi daga Jigawa yana so ya sauke mata kwantai.

Ina waigawa na hango wata baƙa, sai sheƙi take, da zanen furanni zagaye da bakinta. Na ɗaga na ji ta cika hannu. Na ƙwanƙwasa, ta ce dum, ba wani surutu.

"Hajiya, wannan ba ta da murya," in ji dattijon. "Siraran katakai ne aka manna da gam, aka lafta musu fenti. Masu otal ke saya su rataye a bango."

"Malam, ni 'yar masassaƙi ce."

Ya dube ni, ya dubi takardar, ya ce, "To, Allah Ya ba da sa'a." (Har yau in na tuna yadda ya faɗe ta sai in ji kunnuwana sun yi zafi.)

Baƙar na saya, daga Kano Auyo na wuce da kayan. Da ma a ce na ajiye ta na yi shiru. Ina! Sai da na fito da ita tsakar gida, mata suka yi ta karɓa suna jinjinawa, ni kuma ina ba da labarin yadda mai shago ya so ya cuce ni Allah bai ba shi iko ba.

Modu bai iso ba sai bayan La'asar ran Asabar, a kan babur, an riga an kafa rumfa an tayar da janareto. Ya zuge jakar, ya ɗaga jitar, ya ja tsirkiya sau ɗaya. Sannan ya ce, "Ta yi, Yaya. Allah Ya saka da alheri." Ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya hana shi doguwar magana.

Aka fara. Ganga ta shigo, kalangu ya biyo, fiyano ya ɗauka. Aka zo gurbin da kowa zai lafa jita ta yi magana ita kaɗai, sai muka ga hannun Modu yana ta kai da komo, amma abin da ke fitowa bai wuce ƙarar kaza tana tonon shara ba. Goggo Falmata ta taɓo ni ta ce, "Shi wannan kiɗa yake yi ko susar ciki?" Mai kula da na'ura ya matso da makirufo dab da bakin jitar, ya ƙara murya, lasifika ta ƙwala wata ƙara da ta sa jarirai kuka, awakin maƙwabta suka watse.

Ɗanjuma ya tsayar da kiɗa. Ya karɓi jitar, ya jinjina ta, ya ƙwanƙwasa. Bai lura makirufon na kusa da bakinsa ba.

"Modu, wa ya sayo maka wannan turmin?"

Duk matan da na yi wa wa'azi jiya suka juyo gare ni a tare. Sai na ji muryar ƙanena a lasifika: "Ni na zaɓa. Kuskurena ne."

Da na yi shiru da na tsira, amma da ya rasa gurbinsa, kuma ya yi ƙarya saboda ni. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Malam Ɗanjuma, ba shi ba ne. Ni ce. Ya rubuta mini, mai shago ya gaya mini, na ƙi ji."

"Hajiya, to me kika duba?"

"Nauyi."

Dariyar da aka yi, ina jin har masunta a bakin ruwa sun jiyo ta. Wata ta rangaɗa guɗa, amarya ta dunƙule cikin mayafinta tana girgiza. Ɗanjuma ya share hawaye da hularsa ya ce saboda gaskiyar Yaya ya ƙara wa Modu mako guda, yau dai ya ajiye kayan dakan ya kama amshi da tafi. Haka ƙanena ya yi tafi har Magariba, duk sanda muka haɗa ido sai ya yi mini murmushi, abin da ya fi zagi ciwo.

Asabar ta gaba tare muka koma Kano. Dattijon kujera kawai ya ba ni. Modu ya rungumi farar jitar ya kaɗa, shagon ya cika da wata murya mai daɗi. Ya ce, "Yaya, kawo hannunki." Ya ɗora tafina a fuskarta, na ji katakon yana rawa a hankali kamar ƙirjin jariri mai barci. Shekara arba'in ina zaɓen itacen da ba ya motsi, ban taɓa sanin akwai wanda motsinsa ne amfaninsa ba.

Abin da na koya bai da yawa, amma na riƙe shi: duk ranar da ɗan kasuwa ya kushe kayansa da bakinsa, ki yarda da shi, 'yar'uwa, ko 'yar wace ce ke.