Bikon da Ado Ya Jagoranta

"Ni fa ko tari mutum ya yi, sai in gaya maka na gatse ne ko na lallashi!" in ji Ado na Cadawa, sarkin cika baki. Habaici, shaguɓe, zambo, ba'a, duk ya ce a aljihunsa suke kwana.

To, ka san tsautsayi. Munira, matar abokinsa Tijjani, ta yi yaji zuwa gidansu a Gidan Sori, sati uku cur, Tijjani har ya rame. Ado ya ce, "Ɗauke ni a moto, babur ɗin nan naka, ka bar mini bikon. Mutanen Gidan Sori ai Gobirawa ne, abokan wasanmu, mu Katsinawa. Da raha zan buɗe, in rufe da lallami."

Suka tarar da Malam Jaye, uban Munira, a zaure. Tijjani ya tsuguna. Gogan naka kuwa ya miƙe ƙafa ya ce, "Kai Bagobiri bawana, fito mana da matarmu, ka gaji da ciyar da ita!"

Tsoho ya dube shi, ya ce a hankali, "Madalla. Ƙaro."

Ado ya raɗa wa Tijjani, "Ka ji? Muryar sakin fuska ke nan."

Ya ƙaro kuwa. Ya taɓa rawanin, ya taɓa rumbun, har akuyar gidan bai bari ba. Daga bayan zana uwar Munira ta ce, "Sannu da hikima, baƙo!"

"Yabo ne tsantsa," in ji Ado.

"Ado, dubi fuskarsa," Tijjani ya ce. "Ina tsagen Gobir?"

Babu ko ɗaya! Ashe kakan Malam Jaye daga Katsina ya zo, babu wasa tsakaninsu ko na anini. Tsoho ya ɗaga murya: "Munira! Kwance kayan nan da kika ɗaure tun safe. Mijin da ya kawo mini wannan, sai ya dawo da manya bayan girbi."

Wayyo! Ashe da sallama kawai suka yi, da da ita za su koma.

A waje Tijjani ya tada moto, ya ce da taushin murya, "Malam Ado, ka huta a nan. Cadawa ba nisa."

"Haba, zolaya ce wannan, na san ta!" Ado ya yi dariya.

Tijjani ya ja moto ya wuce. Ado yana nan tsaye yana jiran zolaya ta juyo, har la'asar.