Yunwar Kwana Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar da aka auna mu a bariki, a shekarun fari da yunwa, lokacin sojoji na riƙe da ƙasa. Na gama lise, wato sakandare, ke nan a Yamai aka kira mu gwajin lafiya na shiga soja. Ni kuwa ɗan mai shagon atamfa ne a Babbar Kasuwa, ko bokitin ruwa ban saba ɗauka ba, kuma tsoron bariki nake kamar me. Sai na yi dabara (a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni wayo): na daina cin abinci kwana biyar don in rame a kore ni. Innata ta kawo tuwo da miyar nama, in ce cikina ke ciwo.

A layi an haɗa mu da mutanen ƙauye da suka zo da ƙafarsu neman a ɗauke su, domin a bariki akwai tukunya. Na bayana wani dogo ne daga wajen Tawa, sunansa Illa. Shanunsa sun ƙare, ya bar mata da 'ya'ya biyu a bukkokin bayan gari. Tun da muka tsaya yake ɗirkar ruwa don ya ƙara nauyi a sikeli. Da ya ga ina tangaɗi kamar zan faɗi, sai ya kwance bakin zanensa ya ɓalla ƙuliƙulinsa biyu.

"Ci, ƙanena," in ji shi. "Kada ka faɗi gaban likita su ƙi ka."

Na karɓa na ci. Wallahi na ci.

Likitan wani tsohon Bajamushe ne da ya zo aikin agaji, wani sarjan na fassara masa. Kafin ya fara ya gaya mana cewa a yaƙin ƙasarsu sojoji na kiran likitan gwaji "injin hatimi", don ko mai tarin jini ya shigo sai a buga masa takarda a tura shi bakin daga. Ya ce shi ba inji ba ne, kowa zai duba shi da kyau.

Ya kuwa duba ni da kyau. Ya ja fatar idona, ya leƙa dasashina, ya matsa cinyata, sannan ya yi magana yana girgiza kai. Sarjan ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji:

"Ya ce wannan yunwar ta ganganci ce, ba ta fi mako ba. Gidanku akwai abinci. Lafiyarka lau, ka shiga!"

Ina tsaye daga ni sai ɗan kamfai, ba wanda ya yi dariya. Da ma an yi, da ya fi mini sauƙi. Illa ya hau sikeli bayana, likitan ya daɗe yana kallon allurar, sannan ya ce nauyinsa bai kai ba. Illa ya ɗauki rigarsa, ya dube ni sau ɗaya, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, ƙanena."

Na yi aikin sojana na fito da ƙiba har da kumatu. Illa kuwa na neme shi a bukkokin nan sau biyu, ban same shi ba. Tun daga ranar, in zan yi ƙarya ina fara duba wanda ke bayana a layi, kada ya zamana abin da nake wasa da shi ne ke kashe shi.