Kwana Tara Babu Ƙwayar Malam Maigandi

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Kwantar da Hankalin Masu Ciwon Zuciya,
Birnin Kebbi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da manya, da fatan kai da iyali da dukkan ma'aikata kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman afuwa da na biyo ta jarida. Sau bakwai na zo ofishinka don in faɗi wannan magana da baki. Sau huɗu kana taro, sau biyu kana bita, sau ɗaya kuma aka ce yanzun nan ka fita, alhali ina jin tarinka ta bayan ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi.

Sunana Riskuwa, daga Argungu. Maigidana Malam Maigandi manomin shinkafa ne a fadama. Shekara talatin da ɗaya ina gidansa ban taɓa kama sunansa ba, sai da Cibiyarka ta sa na rubuta shi sau goma sha huɗu a wata guda.

Bara, lokacin dashe, ƙirji ya riƙe shi yana duƙe a cikin ruwa. Daga asibiti zuwa asibiti aka tura mu wata jiha, tafiyar awa shida. A can wata likita, Dakta Ni'imatullahi, ta nuna mana hoto. Ɗaya daga jijiyoyin da ke shayar da zuciyarsa jini ta yi ƙullutu, kamar tiyon ban-ruwa da ya yi ciki a gefe guda. Jini na taruwa a wurin, yana iya daskarewa, wurin kuma yana iya fashewa. Ta bi ta jijiyar hannunsa ta zura masa ɗan bututun raga mai rufi, wanda suke kira sitent, bai kai gaɓar yatsa ba, jini ya koma bin hanya miƙaƙƙiya. Ranar sallama ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, nawa aikin ya ƙare, saura naku. Ƙwaya biyu kullum har shekara. In ya fasa, jini zai iya toshe bututun." Ɗaya ƙwayar kowane kyamis na da ita. Ɗayar kuwa na zagaye Argungu da Birnin Kebbi ban samu ba, domin Cibiyarka kaɗai ke kawo ta. To, ga abin da ya biyo baya.

Na ɗaya. Mun gode da takardar wayar da kai da kuka buga da Hausa. Sai dai mai fassararku ya ji sitent ya rubuta tanti. Mako biyu mutanen unguwa na zuwa dubiya suna leƙen ƙirjin Malam, wani dattijo har ya tambaya ko da turakunsa aka kafa shi. Wannan ban riƙe shi a zuciya ba. Ya ba majinyaci dariya, kuma shi ne maganin farko da muka samu daga gare ku.

Na biyu. Kafin a ba da ƙwayar wata guda, ƙa'idarku ta ce sai majinyaci ya zo da kansa, ya hau bene hawa biyu, ya sa hannu a takardar shaidar cewa yana raye. Na yaba da hikimar: wanda ya kai sama ya tabbatar, wanda bai kai ba ya rage muku aiki. Wata biyar Malam yana hawa. A wata na shida muka tarar da ofishin a kulle, domin Malam Abbas, jami'in da ke riƙe da hatimi, ya tafi bitar mako biyu kan yadda ake kyautata wa majinyata. Ya tafi da hatimin a aljihu. Mai ba da magani yana zaune, kwalin ƙwayar yana bayansa ina ganin sa da idona, Malam yana tsaye a gabansa yana haki, amma ya ce ba shi da hurumin yarda cewa mutumin nan yana raye. Ranka ya daɗe, numfashi ba ya cikin hujjojin da Cibiyarka ke karɓa ne?

Na uku. A rana ta tara ba ƙwaya, da hantsi, Malam ya faɗi a bakin gona. Na same shi zufa ta jiƙa masa riga, ya ce mini, "Wanga ciwo ba irin na bara na ba." Na kira lambar gaggawa da ke jikin katinku. Wanda ya ɗauka, cikin ladabi ƙwarai, ya shaida mini cewa motar ɗaukar majinyata ta tafi Augie kwaso kujerun taro. Maƙwabcinmu Abdussamadu ne ya sauke buhunan shinkafa shanshera daga a-kori-kurarsa, muka shimfiɗa katifa. Da muka iso Cibiyarka aka nuna mana ɗakin na'urar da ake buɗe jijiya da ita, wadda muka gani a talabijin ranar da aka yanke ƙyalle. Tana nan lafiya lau cikin ledarta, ko ƙura ba ta taɓa ta ba. An ce ana jiran a ƙaddamar da wanda zai kunna ta. Yaushe ne bikin, don masu ciwo su san ranar da ya kamata su faɗi?

Muka sake ɗaukar hanyar awa shida. Abdussamadu yana tuƙi, ni ina baya ina riƙe da kan Malam, ina kiran sa duk sanda ya lumshe ido. Dakta Ni'imatullahi ta buɗe bututun, ta cire gudan jinin. Da ta fito ba ta yi mini faɗa ba, tambaya ɗaya ta yi: kwana nawa? Na ce tara. Ta ce wani sashe na naman zuciyar ya riga ya mutu, kuma ba ya dawowa.

Na huɗu. Da labari ya iso gare ku, Cibiyarka ta nuna karamci. Kuka aiko da kwali biyu, fari da ruwan ɗorawa, da rubutun hannu cewa a sha kowanne kullum. Mu da muka ga abin da fashi ya jawo, wa zai yi gardama? Bayan kwana goma dasashin Malam ya fara zubar da jini, jikinsa ya yi tabo-tabo, bayan gidansa ya koma baƙi. Mai kyamis na bakin kasuwa ne ya juya kwalayen ya ce magani ɗaya ne, kamfani ne kawai ya bambanta. Leda biyu ta jini aka ƙara masa. Ashe bashin kwana taran nan kuka so ku rama masa a dunƙule. Mun gode, amma ciki bai ɗauka ba.

Na biyar, wanda shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar Talata katinku ya iso, da riga da hula masu hoton zuciya, kuna gayyatar Malam ya jagoranci tattakin kilomita biyar zuwa unguwar Gesse, a matsayin zakaran gwajin dafin nasarorin Cibiya. Ranka ya daɗe, mutumin da a da yake wuni yana dashe, yanzu taku arba'in yake yi, daga zaure zuwa gindin dalbejiya, ya zauna ya huta. Ni nake ƙirgawa. In mahalarta za su iya jira, in sha Allahu zai iso Gesse kafin girbi.

Roƙona bai da yawa. A aiko da ƙwayar zuwa asibitin Argungu, a bar mai ba da magani ya yarda da idonsa. A kan benen nan naka na bar wata tsohuwa daga Augie mai irin wannan bututu, tana hutawa a matakala ta tara. Ban san ko ta kai sama ba.

Malam ya ce in gaya maka shi ya yafe. Ni kuwa shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, ban taɓa ba ɗalibi maki kafin in ga aikinsa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa kujerarka laushi, ya tsare zuciyarka daga buƙatar Cibiyarka.

Taka mai biyayya har kullum,
Malama Riskuwa,
Argungu.